Naman Amak a Jan Layi

Rosdi yana jan zif ɗin jakarsa ta wannan gefe, Amak tana danna gwangwani ta wancan, kuma dukansu biyu murmushi suke yi, don ba a ja-in-ja da suruka da ɗaurarriyar fuska.

"Amak, jakar nan ta cika," ya ce. "Takardun aiki ne fal a ciki."

"Takarda ai lanƙwasuwa take yi." Tsohuwar ta ɗora tafin hannunta ta danna da ƙarfi, gwangwanin ya nutse tsakanin fayil biyu. "Ka gani? Har da sauran wuri."

Gwangwanin biskit ne, irin shuɗin nan mai zagaye da iyayenmu mata suke adana zare da allura a ciki, an naɗe bakinsa da salatef har zagaye biyar. Sai dai ba biskit ba ne a ciki. Rendang ne, naman sa da Amak ta wuni jiya tana juyawa cikin madarar kwakwa da citta da barkono, a kan wutar itace, a bayan ɗan shagon abincinta na tsibirin Batam, a tsallaken iyaka, har ruwan ya ƙafe, naman ya yi baƙi ya soma tsatsar da mai. Ta yi shi ne saboda 'yarta Yusnidar, matar Rosdi, wadda ke kwance a gida Singafo, tafiyar awa ɗaya a jirgin ruwa, da ciki wata huɗu.

Shekara tara suka yi suna jiran cikin nan. Da ya zo kuma sai ya zo da laulayi mai zafi. Mako uku ke nan Yus ba ta riƙe komai a cikinta sai ruwan shinkafa, ta rame har zobenta yana zamewa daga yatsa, likita kuma ya ce idan aka kai Litinin a haka, gado zai ba ta a sa mata ƙarin ruwa. Ranar Talata ta buɗe ido ta kira shi yadda matan wajenmu ke kiran miji, ta ce, "Abang, naman Amak nake so." Rosdi ya zagaye shaguna biyar a unguwar Geylang ya sayo rendang kala biyar. Kowanne ta shinshina sau ɗaya ta juya fuska bango.

"Amak, kin san ba a shiga Singafo da nama," ya ce ƙasa-ƙasa, yana waige-waige, sai ka ce kwastan na zaune cikin masu cin shinkafa a shagon.

"Wa ya ce nama ne? Karanta abin da aka rubuta a jiki. Biskit."

"Haba, Amak."

"Kai ba mai kati ba ne? Yus ta ce ko kallon jakarka ba sa yi." Ta goge hannu da gefen zaninta. "Ko so kake jikana ya fito yana dalalar da miyau har ranar aurensa? A ce wa ya jawo? A ce ubansa ne, ya ji tsoron gwangwani."

A wajenmu wannan ba maganar wasa ba ce. Mai ciki in ta yi kwaɗayin abu, wajibi ne miji ya nemo shi ko a ina yake, in ba haka ba yaron zai taso da dalala, kuma duk dangi za su san laifin wa. Rosdi mai digiri ne, ba ya yarda da irin waɗannan maganganu, ya sha faɗa mana haka. Amma a cikin makon nan duk yaron da ya gani da jiƙaƙƙiyar riga, sai ya juya ya ƙare wa uban yaron kallo.

Katin da Amak take magana shi ne abin da Rosdi ya fi ji da shi a duniya in aka cire Yus, kuma akwai ranakun da ita kanta Yus ba ta da tabbas an cire ta. Katin amintattun matafiya ne. Aikinsa duba walda a wurin gyaran jiragen ruwa, sau uku a mako yake tsallakawa Batam ya dawo, kuma katin ne yake ba shi ɗan gajeren layi a tashoshin biyu, yayin da sauran jama'a suke tsaye suna fifita da fasfo. Wata takwas aka yi ana bincikensa kafin a ba shi. Sharaɗin guda ne, ya kuma haddace shi: duk abin da ya kamata a bayyana wa kwastan, ka bayyana da bakinka; ranar da aka kama ka ka ɓoye, katin ya tafi ke nan. Shekara goma sha ɗaya yana riƙe da shi ba a taɓa cewa ya buɗe jaka ba. Mu da muke hawa na tara tare da shi a benenmu na unguwar Bedok mun ji wannan labari a lif, mun ji shi a masallaci, mun ji shi har a gidan rasuwa.

Da an bi ta sauƙi, da Yus ta je ta ci a gaban uwarta an huta. Amma tun ranar da aka tabbatar da cikin, Rosdi ya kafa nasa dokokin, ya rubuta su da biro ya manna a ƙofar firij: ba hawa matakala, ba shan ruwan sanyi, ba ɗaga tukunya, ba shiga jirgin ruwa. Likita bai ce ko ɗaya ba. Na jirgin ma har sau biyu ya ce ba komai, Rosdi ya gyaɗa kai cikin ladabi ya koma gida ya ƙara ja wa dokar layi a ƙasa. Ita kuwa Amak fasfonta ya mutu shekara uku da suka wuce, duk sanda aka yi mata maganar sabuntawa sai ta ce wa zai tsaya mata a kan tukunya. Wata huɗu ke nan uwa da 'ya ba su ga juna ba sai a waya.

Rosdi ya rataya jakar a kafaɗa, ya sumbaci hannun Amak. Ta raka shi har bakin titi ta yi masa Allah ya tsare hanya.

Jirgin ƙarfe ɗaya na ranar Asabar ya cika maƙil da masu dawowa daga sayayya, kowa da ledojinsa. Rosdi ya zauna a kujerarsa ta kullum, kusa da Kok Wai, injiniyan kamfaninsu kuma abokin tafiyarsa na shekaru. Ya ɗora jakar a cinya ya rungume ta da hannu biyu.

Ba a yi minti goma ba Kok Wai ya ɗaga hanci sama.

"Wani ya shigo da gidan abinci cikin jirgin nan."

"Daga baya ne," in ji Rosdi, yana kallon taga.

"Daga baya?" Kok Wai ya sunkuya ya shinshini jakar, ya ɗago da idanu waje. "Rosdi! Kai? Kai da ka taɓa tsare ni sai da na cinye tuffa guda kafin mu sauka, har da ƙwallon?"

"Rage murya, don Allah."

Ya ba shi labarin a taƙaice. Dariyar Kok Wai ta ɗan lafa da ya ji batun asibiti, sannan ta dawo.

"To mene ne abin damuwa? Ka bi koren layi kamar kullum. Fuskar nan taka, ko akuya ka rungumo cewa za su yi sannu da zuwa."

"In suka haska jakar fa?"

"Yaushe rabon da su haska taka? In ma sun haska, sai ka ce biskit ne. Ga shi an rubuta."

"Haka Amak ta ce."

"Ka ji mace mai kai. Ita ya kamata a ba katin, ba kai ba."

Wayarsa ta yi ƙara. Yus ce, muryarta can ƙasa, sai da ya toshe ɗaya kunnen kafin ya ji ta.

"Abang, ka karɓo?"

"Na karɓo, Yus. Ga shi nan a cinyata. Kin ci wani abu?"

"Na gwada burodi. Ya dawo." Sai ta tambaya, "Yana ƙamshi?"

"Duk jirgin ya ɗauka."

Ta yi 'yar dariya, irin wadda ya kwana biyu bai ji ba. "Yau zan ci ko, Abang?"

"Yau za ki ci," ya ce. "Na yi miki alkawari."

Ya kashe wayar, tausayinta ya cika masa zuciya har ya ji haushin kansa. Mace tana can tana ƙarewa da yunwa, shi yana nan yana tunanin wani ɗan kati. Nan take ya yanke shawara: kore zai bi. Ya juya ga gilashin taga ya soma gwada fuskar mutumin da ba shi da komai a jaka. Ya saki gira, ya ɗan tura baki, ya gwada hamma.

"Me kake yi haka?" in ji Kok Wai.

"Ba komai."

"To ka daina. Da wannan fuskar ko ni sai in kama ka. Yi taka ta kullum, mai kama da ta shugaban makaranta."

Da jirgin ya soma rage gudu, Rosdi ya ɗaga jakar ya ga wani ɗan tabon mai, ja-ja, ya fito a ƙasanta har ya taɓa masa wando. Zagaye biyar na salatef bai hana komai ba. Ya sa hankici ya goge, tabon ya ƙara faɗi.

A wajen duba fasfo katin ya yi aikinsa, ko minti ɗaya bai yi ba ya wuce. Daga nan sai babban zauren kwastan, inda hanya ta rabu biyu: kore ga wanda ba shi da abin bayyanawa, ja ga mai shi. Koren layin yana ta kwarara da mutane da ledoji. Jan kuwa fayau yake, tebur guda ne kawai da wata jami'a mai furfura, tabarau rataye a wuyanta, tana duba wasu takardu.

"Biyo ni," in ji Kok Wai. "Kar ka kalli kowa."

Rosdi ya bi shi, jakar tana gefen da tabon yake don ta rufe. Ya kusa kaiwa bakin ƙofa sai jami'in da ke tsaye a wurin, wanda ya saba ganinsa sau uku a mako, ya sakar masa murmushi.

"Sannu da dawowa, Encik. An sha aiki." Ya kira shi Encik, wato Malam a wajenmu, ya matsa gefe ya ba shi hanya.

Wannan gaisuwar ce ta gama da shi. Da mutumin harararsa ya yi, ko ya yi masa kallon tuhuma, ina jin da Rosdi ya daure ya wuce. Amma a matsa maka gefe da murmushi alhali kana ɗauke da kilo biyu na nama a ƙarƙashin hammata, wannan ya fi ƙarfinsa. Ƙafafunsa suka tsaya da kansu. Ya juya, ya yi karo da wata mata mai ledoji shida, ya ba ta haƙuri, ya ba ledojin ma haƙuri, ya ratsa mutane ya nufi jan layi.

"Ina da abin bayyanawa," ya ce, da ƙarfin da ya fi wanda ya yi niyya.

Jami'ar ta ɗago ta sa tabarau. Letchumi aka rubuta a ƙirjin rigarta. "Taba ko giya?"

"Subhanallahi. Nama ne, Madam."

Ya zaro gwangwanin daga tsakanin fayilolin, waɗanda yanzu suka yi ja a gefe, ya ajiye a teburin. Madam Letchumi ta jujjuya shi.

"Nan an rubuta biskit."

"Ƙarya gwangwanin yake yi, Madam."

Ta kalle shi ta saman tabarau, ta ɗauko almakashi ta yanke salatef ɗin, ta buɗe murfi, ta ɗaga ganyen ayaban da aka rufa a sama. Ƙamshi ya tashi. Tafiyar koren layi ta ragu, kawuna suka soma juyowa. Madam Letchumi ta lumshe ido na ɗan lokaci.

"Wa ya dafa wannan?"

"Surukata."

"A kan itace."

"Eh, Madam."

"Na ji ai." Ta mayar da murfin da sauri. Ta karɓi fasfonsa da katin, ta duba a kwamfuta, ta miƙo masa. "Encik Rosdi, ka yi daidai da ka zo nan da ƙafarka. Da a can aka tsayar da kai, da yau ka yi sallama da katin nan, ga kuma tara. Yanzu ba abin da zai taɓa shi. Amma naman nan ba zai wuce teburin nan ba."

Ta sa ƙafa ta jawo wani babban kwandon shara mai murfi daga ƙarƙashin tebur.

Rosdi bai san lokacin da ya ɗora hannuwansa biyu a kan gwangwanin ba. Mutumin da ya shekara goma sha ɗaya yana wucewa ta zauren nan kansa a sama, sai ga shi yana ba baƙuwar mace labarin gidansa tun daga farko: shekara taran, ruwan shinkafar, gadon asibitin da ke jiran Litinin. Ya ƙare da alkawarin da ya yi wa Yus a waya.

"Kwaɗayin ciki," in ji Madam Letchumi, ta gyaɗa kai. "Ni a cikin ɗan farina miyar kifin kakata ta can garin Ipoh na so. Mijina ya ce ya yi nisa."

"Yaron ya yi dalala?" Tambayar ta kuɓuce wa mai digiri kafin ya kama ta.

"Lauya ne yanzu. Bakin dai har yau ba ya rufuwa."

Rosdi ya yi dariya ba da son ransa ba, sannan ya shiga ciniki.

"Madam, ko yanka ɗaya."

"Yanka ɗaya ma nama ne."

"To man kawai, da ɗan ƙanzon kwakwar da ke ƙasa. Ta ɗan lasa da shinkafa."

"Man me?"

Ya sunkuyar da kai. "Man nama."

"To ka gani."

"In na kira ta ta zo nan fa? Ta zauna a kujerar can ta ci a gabanki, ko loma uku."

"Nan ba gidan abinci ba ne, Encik, kuma ba a shigowa nan daga waje."

Duk amsoshin nan ya san su tun kafin ya tambaya. Shi ne fa yake karanta mana su a lif duk sanda wani zai yi tafiya. Ya tsaya yana kallon kwandon, yana tunanin yadda zai buɗe ƙofar gida hannu biyu, Yus ta ɗago kai daga matashi ta dubi jakarsa.

Madam Letchumi ta ɗan ja numfashi. "Hanya biyu ce. Ko kwandon nan, ko ya koma inda ya fito. Ba kullum muke yarda da ta biyun ba. Amma tunda kai ka kawo kanka, zan iya riƙe shi a nan, ka kawo mini tikitin komawa, a miƙa maka shi a bakin jirgi."

"In mayar wa Amak? In ce mata me? Madam, gara ki kulle ni."

"Cikin wata nawa ne?"

"Huɗu."

"Uwarta tana Batam, tafiyar awa ɗaya. Me ya hana ta zuwa?"

"An hana ta shiga jirgin ruwa."

"Wane likita ne?"

Rosdi ya gyara tsayuwa. Ya duba agogonsa. "Ba likita ba ne."

"To wa?"

"Ni ne."

"A wace doka?"

"Tana nan a... a ƙofar firij."

Madam Letchumi ta cire tabarau ta sake shi ya faɗa kan ƙirjinta, ta daɗe tana kallonsa. Ba ta yi dariya ba, ko da yake an ga kumatunta suna motsi.

"Encik Rosdi," ta ce, "tawa dokar ba ni na rubuta ta ba, ba ni da ikon taɓa ta. Taka fa?"

Gaskiyar magana, Rosdi ba mugunta ce ta sa shi rubuta takardar nan ba. Tsoro ne. Shekara tara yana kallon Yus tana zuwa sunan 'ya'yan wasu da kyauta a hannu, tana dawowa ta shige banɗaki ta daɗe. Da abin ya samu, sai ya ga komai na duniya zai iya ƙwace shi: matakala, ruwan sanyi, igiyar ruwa. Bai san yadda ake tsare abu ba sai da doka, don haka ya yi ta rubutawa. Yanzu ga shi dokar ta tsare ta har ta kusa kai ta gadon asibiti. Ta gilashin zauren yana hango teku, kwance lumui, jirage suna shiga suna fita da mata da yara da tsofaffi. Kunya ta kama shi.

Ya ciro waya ya kira. Bugu ɗaya ta ɗauka.

"Yus, saurara. Sun hana shi shiga." Ya yi sauri ya ci gaba kafin ta ce wani abu. "Amma ba su zubar ba. Za ki iya tashi? Ki ɗauki fasfonki, yana cikin durowa ta biyu, cikin farar ambulan. Ki hau tasi, kar ki hau bas, ki zo tasha. Akwai jirgin ƙarfe huɗu. Za mu je wurin Amak."

A daidai lokacin aka soma sanarwar tashin wani jirgi a lasifikar tasha. Rosdi ya ji ta a kunnensa na hagu. Ya kuma ji ta a na dama, daga cikin wayar.

"Yus," ya ce a hankali, "kina ina?"

"Ina sama, Abang. Kusa da wurin sayar da tikiti."

Kok Wai yana tsaye a waje yana jiransa, ya ƙosa. "Sun kama ka?"

"Ni na kama kaina. Sai Litinin." Ya wuce shi da gudu-gudu ya nufi lif.

Ya same ta zaune a kan benci, sanye da shuɗin mayafinta na fita, 'yar jaka a gefenta, fasfo a hannunta. Ya taho da faɗa a bakinsa, wa ya ɗauko mata jakar, wa ya ce ta fito ita kaɗai, in jiri ya ɗebe ta a hanya fa. Amma da ya matso ya ga wuyan hannunta a hasken rana, yadda ya zama siriri, sai faɗan ya koma ciki. Ya ɗauki jakar ya je ya sayi tikiti biyu.

Madam Letchumi da kanta ta kawo gwangwanin bakin jirgi, an sake naɗe shi da salatef ɗin kwastan. Ta miƙa wa Rosdi, amma Yus take kallo.

"Ke ce mai kwaɗayin? Ki ci a hankali, 'yata, kar ki yi masa haɗama. Ki gaida mai dafawar, ki ce mata ta ɓata mana aiki yau, duk zauren yunwa yake ji."

"Za ta ji, Madam. Na gode."

Suka sami kujera kusa da taga. Jirgin yamma ba cika yake yi ba. Ana kwance igiya Yus ta janye gwangwanin daga cinyarsa zuwa tata.

"Dakata, Yus. Bari mu fita daga ruwan ƙasar tukuna. Har yanzu a cikin..."

Ta riga ta sa haƙori ta yage salatef ɗin. Rosdi ya zaro leda daga aljihun kujera ya buɗe ta ya riƙe a shirye. Yus ta ɗaga ganyen ayaba, ta sunkuya ta shaƙi ƙamshin, ba ta juya fuska ba. Ta sa yatsu ta ɓalli ɗan yanki ta kai baki. Ta tauna a hankali, ta haɗiye, suka zauna su biyu suna jira, shi da ledarsa, ita da hannu a kan ciki. Jirgin ya ɗan yi tangaɗi ya daidaita. Ba abin da ya dawo.

Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba. Ta ɗauki yanka na biyu, babba.

"Gishirin Amak," ta ce da cikakken baki. "Kullum sai ya ɗan yi yawa."

Rosdi ya ninke ledar ya mayar aljihun kujera. Wani sanyi ya sauko masa a zuciya, irin wanda rabonsa da shi tun kafin laulayin. Sai da ya ga ta soma lasar yatsu sannan ya dubi 'yar jakar da ke ƙasan kujera, ya ɗaga ta ya ji nauyinta.

"Wannan fa ba kayan wuni ba ne."

"Na kwana uku ne. Amak ta kira ni kana cikin jirgi. Ta ce in haɗa kaya in zo tasha in zauna, za ka bi jan layi, za su hana, za ka kira ni. Ta ce ta riga ta gyara mini ɗaki."

"Ita da ta ce in ce biskit ne?"

"Ita."

"To in da kore na bi fa? Da na fita na hau tasi na wuce gida, ke kina nan a benci kina jira."

Yus ta tsaya da taunar, ta dube shi da mamaki na gaskiya, kamar ya tambaye ta in da jirgin zai tashi sama.

"Ba mu yi maganar kore ba, Abang."

Rosdi ya juya yana kallon ruwa, ita kuma ta miƙa hannu ta ɗauki yanka na uku.